Kajin Clarrie

Mutum zai iya cutar da maƙwabcinsa alhali bai ɗauki komai nasa ba, bai kuma yi masa ƙarya ba? Merv Tierney ya daɗe yana juya wannan tambaya a ransa, har yau bai sami inda zai ajiye ta ba.

Shekara goma sha ɗaya, duk ranar Alhamis, Merv kan tsaya da tsohuwar a-kori-kurarsa a ƙofar gonar maƙwabcinsa Clarrie Dunstan ya ɗauke shi. Kilomita arba'in ne zuwa babban kantin gari. Tun da likita ya hana Clarrie tuƙi saboda idonsa haka suke tafiya, suna gardama a kan farashin tumaki har su dawo.

Sai Bronwyn, 'yar Merv da ke aiki a birnin Adelaide, ta zo hutun Kirsimeti ta sa shi cikin tsarin rangwamen kantin. Kuɗin shekara ake biya gaba ɗaya, a riƙa rage maka kashi goma cikin ɗari, a kuma kawo maka kaya har ƙofa, muddin sayayyar ta kai dala ɗari da hamsin.

"Baba, kuɗin mai kaɗai ya fanshe shi," in ji ta. "Ga gwiwarka kuma."

A bakin shinge Merv ya ba Clarrie labari.

"To Alhamis fa?" in ji Clarrie.

"Alhamis ta yi ritaya, aboki, kamar ni da kai. Na biya mutanen nan shekara guda, ba zan ƙona mai in je ɗauko abin da za a kawo mini ba. Faɗi abin da kake so in haɗa da nawa."

"In sayi naman da ban latsa ba? Bar shi kawai. 'Yar ƙanwata za ta riƙa kawo mini."

Merv bai tambayi wace 'yar ƙanwar ba. A yankinsu idan namiji ya ce ya wadatu ba a maimaita tambaya, don maimaitawar kamar ce masa mabaraci ne.

Da farko abin ya yi masa daɗi. Sai dai cikin mutum ɗaya ba ya cin dala ɗari da hamsin, don haka ya riƙa cike gurbin da cuku da biskit da burodin da ba ya bukata. Firij ya cika, injin ƙanƙara ya cika. A mako na tara ya tarar burodi uku sun bushe, latas ya yi yaushi. Ya zuba su a bokiti ya ce bari ya kai wa kajin Clarrie.

Kowa ya san kajin nan. Su goma sha biyu ne, kowace da sunanta, kuma Clarrie bai taɓa yanka ko ɗaya ba. Wadda tsufa ya kashe kuwa, a gindin lemo yake binne ta, mutane suna yi masa dariya.

Tun daga ƙofar gona Merv ya ji shirun ya yi yawa. Ya leƙa akurki. Kaza ɗaya ce a ciki, ja, ta maƙale a lungu. Ya zagaya bayan kicin, ya ga wani durom cike da gashin kaji, fari da ja da baƙi. Ya ajiye bokitin ya nufi baranda.

Clarrie yana zaune a baranda. Igiyar ɗaurin ciyawa ce ke riƙe da wandonsa, wuyansa ya zama kamar sanda a cikin kwalar riga.

"Dila ce?" in ji Merv.

"Dila mai ƙafa biyu. Ta iya miya ma."

Merv ya wuce shi ya shiga kicin ba tare da neman izini ba. Ya buɗe kabad: ragowar fulawa, ganyen shayi, gishiri. Ya buɗe firij, gorar ruwa da ƙwai biyu. Ya daɗe riƙe da murfin, yana tuna cinyar ragon da ya jefar ranar Asabar don ta fara wari.

"Ina 'yar ƙanwar taka?"

"Tana can birnin Darwin mai nisa. Rabona da ita tun jana'izar uwarta."

"Tsohon banza, tsakanina da kai taku ɗari uku ne. Me ya hana ka magana?"

"Na tambaye ka Alhamis, ka ba ni amsa."

"Ai na ce in haɗa da nawa."

"Ka ce." Clarrie ya juyo da idanunsa masu hazo wajen muryar. "Da can tafiyarka kake yi, ni na raɓa ne kawai, ba wanda ya ɗauki nauyin wani. Wannan kuwa in zauna in jera maka abin da nake ci, ka kawo mini a leda. Na gwammace in ci kazata Doreen."

"Ka ci Doreen?"

"Makon jiya. Tauri kamar takalmi."

Merv ya koma gida da sauri iyakar abin da gwiwa ta bari, ya ciko kwali da nama da madara da dankali ya kawo. Clarrie ya shafa kwalin da hannu, ya ture shi da ƙafa.

"Mayar da rangwamenka."

Merv ya san mutumin nan; zai yanka jar kazar gobe, jibi kuma ya zauna da shayi, kwalin yana nan yana ruɓewa a baranda. Ya ɗauki kayansa ya tafi.

Ba a jima ba a-kori-kurar ta shigo gonar tana tari, don ta yi mako tara ba a tashe ta ba. Merv ya miƙa hannu ya tura ƙofar gefe.

"Gari zan shiga. Sukari ya ƙare mini."

"Yau Litinin."

"Sukarin bai san Litinin ba."

"Mutumin da ya biya shekara guda?"

"Za ka hau ko sai na ɗauko ka kamar buhu?"

Clarrie ya lallaɓo da sandarsa, ya ƙara tamke igiyar wandonsa, ya hau. Merv ya sa giya ya ɗauki hanyar gari.