Yafiyar Inna a Oba-oba

Ni dai har gobe in na ga oba-oba sai raina ya ɓaci.

Damina ce, a shekarun nan da fetur ya yi ɓatan dabo. Ni Attahiru direban bas ne tsakanin Gusau da Tsafe, amma lokacin motata na jibge a layin gidan mai. Innarmu na kwance a 'Yandoto, ciwo ya ci ƙarfinta, ba ta da zance sai na babban wanmu, Yaya Lawali. Tun da ya sayar da gonar Baba ya kama aiki da wani kamfanin titi a dajin Bungudu ta ce kada ya ƙara taka mata ƙofa. Shi kuwa ga zuciya kamar kuturu, ya riƙe maganar. Yanzu so take ta yafe masa da bakinta, ya ji da kunnensa.

Na yi aike, aka dawo aka ce kogi ya kawo, ya raba sansaninsu da gari. Sai wani ya ce ai da oba-oba suke magana, har ƙarfen sadarwa suka kafa kan dutsen Kwatarkwashi. Na ce abin nema ya samu! Na nufi Sabon Gari wajen Dalhatu mai gyaran rediyo, na zaɓi wata baƙa mai eriya, sak irin wadda na taɓa gani a ƙugun Yaya.

Dalhatu ya ce, "Zan ɗora maka ita kan zangonsu, za ka ji su. Amma tasu ba ta buɗe kunne sai ta ji wata alama da suka shirya tsakaninsu. Taka ba ta san alamar ba."

Na ce, "Kai dai ka cika surutu. Oba-oba ai oba-oba ce."

A bayan motar hatsi na isa 'Yandoto. Na zauna gefen tabarmar Inna na kunna, ba komai sai shuuu. Muna nan har la'asar, kwatsam sai ga muryar Yaya raɗau kamar yana cikin ɗakin: "A turo tifar tsakuwa, oba."

Inna ta buɗe ido. "Lawali na!"

Na danna maɓalli. "Yaya! Attahiru ne, ga Inna!" Na saki.

"Na ce tsakuwa, ba yashi ba, oba."

Na sake dannawa, na yi ihu har maƙwabta suka leƙo. Na fita tsakar gida, na hau kan katanga, na ɗaga eriya sama kamar mahaukaci. Wallahi har zagin oba-obar nan na yi. Yaya na ta faɗa da direbobinsa, har dariya ya yi sau ɗaya, mu kuwa ko tarinmu bai ji ba. Ban taɓa jin na zama banza irin na ranar ba.

Inna ta miƙo hannu. Na kara mata a baki, na danna.

"Lawali, na yahe maka duniya da lahira. Kai ma ka yahe mini."

Na saki. Can sai muryarsa: "To, madalla, oba."

Da wani direba yake, na sani sarai. Inna ta yi murmushi ta ce, "Ka ji, ya amsa." Na ce eh, ya amsa. Me zan ce mata? Washegari da hantsi ta cika.

Sai da ruwa ya janye Yaya ya iso, an ma share makoki. Ya tsuguna a ƙofar ɗakinta, ya kasa shiga.

"Attahiru, ta ambace ni?"

Na ce, "Ta yafe maka, Yaya. A gabana ta faɗa, cikin wannan abin."

Ya karɓi oba-obar, ya jujjuya ta, ya kara a kunne. Ya daɗe a haka.

Ya ce, "Ni ban ji ba."