Irin Da Ke Bayan Ƙofa

Da aka sayar da gidan surukata, kwashe kaya bai ba mu wahala ba kamar yadda tumatir ya ba mu. Umma za ta dawo wurinmu ne a hawa na biyu, inda duk filin da muka mallaka 'yar baranda ce, ita ma tukunyar gas da igiyar shanya sun cinye rabinta. Kusurwa ɗaya rana ke leƙawa, daidai zaman bokiti guda. Maigidana ya gaya mata haka yana sosa ƙeya, don ya san iri huɗu take nomawa a bayan ɗakin girkinta.

Wanda ya sayi gidan ya ɗaga mata ƙafa zuwa ƙarshen damina. Sai ta ce za ta shuka duka huɗun karo na ƙarshe, a gwada su bisa adalci, wanda ya yi zarra shi zai bi ta. Ni aka naɗa alƙaliya, wai tunda a ɗakin gwajin jini nake aiki na saba faɗin gaskiya ko ba daɗin ji. Ban musa ba. Da suka fara nuna, duk ranar hutu nakan je in tarar an ajiye mini faranti da wuƙa da gishiri.

Akwai Dogo, mai tsoka da ƙarancin ruwa, wanda ke kaurara miya, ya kuma daɗe a kwando bai yi laushi ba. Akwai 'yan ƙanana masu zaƙi, sai dai kafin ka tara na tukunya ɗaya bayanka ya ƙage. Akwai rawaya da maƙwabciya ta ba ta, kyau a ido, a baki lami. Na huɗun shi Umma ke kira Taurin Kai.

Taurin Kai na marigayi Baba ne, mijinta, kuma ba wanda ya san inda ya samo shi. Ƙato ne mai gaɓa-gaɓa kamar dunƙulallen hannu, da an yi ruwa biyu a jere sai ya tsage. Baba bai taɓa adana irinsa a takarda ko kwalba ba. Yakan matse nunannen a tafin hannu ya shafa a bangon ɗakin ajiya, bayan ƙofa, ya bushe a can. In lokacin shuka ya yi, ya kankaro da cokali. Shekara bisa shekara har wurin ya yi ɓawo. Umma ta yi mitar wannan ƙazanta tsawon zamansu, amma bayan rasuwarsa ita ta ci gaba da kankarowa tana shukawa, wai don kada fili ya zauna a banza.

Ranar gwajin ɗanɗano ta yanka mini Taurin Kai da kanta, ta tsaya a kaina.

"To, 'yata, faɗi tsakaninki da Allah."

"Umma, tsaminsa har cikin kunne."

"Ai na faɗa," in ji ta. "Tun ina amarya nake faɗa wa mai shi. Ya ce bakina ne bai iya cin abu mai daɗi ba."

A gwajin miya ma ya faɗi, don ruwa ya tsinka ta. A gwajin ajiya shi ya fara zubar da ruwa a kwando, ƙudaje suka yi masa caa. Duk faɗuwar da ya yi, Umma sai ta gyaɗa kai kamar wadda ta ci shari'a. Shi ta fara tugewa daga lambun. Sauran 'ya'yan ta dafe su kaf a rana ɗaya, ta zubar da ƙwayoyin a kwandon shara.

Na ce, "Ba za a ajiye ko kaɗan ba?"

"A ajiye a yi me da shi? Bokiti ɗaya kuka ce."

Tana faɗa tana satar kallon ƙofar ɗakin ajiya. Na gani, na yi kamar ban gani ba. Faɗan mata da miji ba a shiga, ko da ɗayansu yana kabari.

Dogo ne ya ci. Ta wanke irinsa, ta shanya a inuwa, ta ƙulle a takarda ta miƙa mini in riƙe.

Ranar tashi, bayan an gama loda mota, Umma ta buɗe jakar hannunta ta zaro ƙaramin cokali. Ta ce bari ta duba ko ta manta wani abu a ɗakin ajiya. Na bi bayanta ko da abin ɗauka. Abin da ba ta sani ba, sabon mai gidan ya roƙi maigidana a bar mai fenti ya fara da ɗakunan da aka kwashe, shi kuma ya amince, bai ga dalilin gaya mata ba. Ɗakin ajiya tun jiya ba komai a cikinsa.

Bangon fari fat, sumul, har bayan ƙofar. Mai fenti na bisa tsani yana gyara kusurwa.

"Ɗana," Umma ta ce, "akwai wani abu a nan wurin."

"Ƙwarai, Mama. Ni na zaci kashin jemage ne. Sai da na sa ƙarfe na kankare shi, na bi da takardar guga, sannan fenti ya kama."

"Ina abin da ka kankare?"

Ya nuna mata tsohon buhun siminti a bakin ƙofar gida, inda ya tara sharar ɗakuna biyu: garin bango, ɓawon tsohon fenti, yanar gizo, guntun kwalba. Umma ba ta yi masa faɗa ba. Ta mayar da cokalin jaka, ta ɗauko bokitin da aka cika da ƙasar lambu domin Dogo, ta durƙusa gaban buhun tana dumbuzo garin da hannu tana barbaɗawa a kai.

Maigidana ya fito daga mota. "Umma, shara ce fa."

"Na sani," ta ce, ba ta ɗago ba. "Kama mini bokitin."

A nan ne tausayinta ya kama ni, har na juya na yi ta gyara igiyar da ke ɗaure da katifa, wadda ba abin da ya same ta.

Yanzu bokitin yana kusurwar da rana ke leƙawa. Kullum da safe kafin ta karya takan fita ta yayyafa masa ruwa da 'yan yatsu, don kada ƙarfin ruwa ya binne abin da ke ciki. Takardar Dogo tana cikin durowata, ba ta sake tambayarta ba. Na san abin da ƙarfe da takardar guga ke yi wa ƙwayar da ba ta kai ta gero ƙarfi ba, amma wannan karon ba wanda ya naɗa ni alƙaliya, sai na ja bakina.

Wasu 'yan tsirrai sun ɓullo kwanan nan, sirara. Maigidana ya leƙa ya ce ciyawa ce, ya kai hannu zai cire. Umma ta riƙe masa wuyan hannu.

"Bar su su yi ganye," ta ce. "Shi ma haka yake farawa."