Jar Dawar Iya

Mainasara ya murza zangarniyar dawar a tafin hannunsa, sai baƙin gari ya zubo maimakon ƙwaya. Ya karyo ta kusa da ita, haka. Ta gaba ma haka.

"Burtuntuna ce, Baba," in ji Juwairiyya, malamar gona da ta zo daga Daura, idonta a ƙasa. "Tare da irin ta zo."

"Irin da ya shekara ashirin cikin sanyin ƙanƙara?"

"Sanyi ba ya kashe ta. Barci kawai take yi, yadda irin yake yi."

Dawar Iya ce, mahaifiyarsa: ja, mai gajeren kara, duk Sandamu babu mai irinta. Tun kafin a ƙaddamar da Shari'a wasu masu bincike suka roƙi tiya guda suka kai ɗakin sanyi inda ake adana iri. Bayan rasuwarta fari ya cinye ta gida. Mainasara ya yi ta zarya wurin masu binciken har takalminsa ya suɗe, sai bana aka ba shi ɗan ƙullin da ya rage. Tun a lokacin Juwairiyya ta ce ya gauraya shi da maganin iri, ya kuma ajiye rabi. Ina! Wanda uwarsa ta dawo, wa zai ce masa ya ajiye rabinta? Magani kuwa, Iya ba ta taɓa sa wa irinta ba. Ya shuka duka, ranar da ta tsiro ya zauna bakin gona ya yi kuka.

"In ta je masussuka za ta shiga irin maƙwabta," in ji Juwairiyya a hankali. "Sai dai a ƙone."

Mainasara ya buɗe tafinsa. Hannunsa yake kallo, baƙi ƙirin har ƙarƙashin farce. Ya san hannun nan. Duk kaka haka Iya take dawowa daga gona, in ya tambaya ta ce baƙin tukunya ne. Ashe zangarniyoyi masu cutar take bi tana cirewa, ba ta taɓa gaya wa kowa ba, don kada a ce dawarta tana da aibi.

Nan zuciyarsa ta karye. Ɗakin sanyi ya ajiye dawar, ya ajiye cutar, mai tsince cutar ce kaɗai bai ajiye ba.

"'Yata, kina da ashana?"

Ta miƙa masa. Ya ce ta koma bakin hanya ta jira, shi zai kunna da kansa.