Bidi Ya Ƙi Hagu

Jiya bayan azahar na ɗan kishingiɗa, sai na yi wani mafarki. Na gan ni bisa Bidi, dokin gidanmu da ya mutu shekara talatin da suka wuce. Ban yi mamaki ba. Sirdin ma shi ne, har da facin nan mai cizon cinya.

A garin da muke ba a waiwaye. Wuyan kowa a kafe yake, mai son ganin bayansa sai dai dokinsa ya lanƙwasa ya kai shi. Ni kuwa ina jin takun marigayi Baba a bayana ta hagu, da ɗan tarinsa. Baba bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba, kuma a 'yan shekarun nan fuskarsa ta fara ɓace mini. Abin yana damuna ƙwarai, ban dai faɗa wa kowa ba. Ita nake so in gani.

Na ja linzami hagu da ƙarfi. Bidi ya juya gaba ɗayansa kamar ƙyaure, wuya da gindi tare, Baba ya juya tare da mu, yana nan dai a baya.

Sai ga mu a wani ofis, ni da doki, muna bin layi. Wata zabuwa mai tabarau ce a kan tebur, tana buga hatimi a kan ganyen kabewa.

“Lanƙwasa nake nema, ranki ya daɗe,” na ce.

“Ta dama ce ta rage. A naɗe maka?”

“Ta hagu nake so.”

“Kowa ta hagu yake so,” ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba. “Je ka filin tsamiya.”

A filin, ruwa na tashi daga ƙasa yana komawa sama, mata sun kifa tukwane suna tara. Dawaki na tsaye ƙiƙam, tsamiyoyi ne ke zagaya su. Shi ya sa bishiyoyin garin suka yi laushi har suna sosa bayansu da rassa, dawakin kuwa ko ƙuda ba sa iya kora. Wata tsamiya ta tsaya ta huta, na gane ta, ta ƙofar gidanmu ce.

“Sallau,” in ji Baba daga baya, “hannun nan naka har yanzu na jan guga ne?”

“Baba, dokin ne ya ƙage.”

“Wa ya ƙagar da shi? Shekara nawa ka yi kana zagaya tsamiyar nan da shi ta dama kaɗai, don a hango ka daga zauren su Jummala?”

Kunya ta kama ni. Ashe ya sani. Jummala ma ba ni ta aura ba, wahalar dai Bidi ya sha.

“Sassauta linzamin,” ya ce. “Ƙafarka ta hagu ta zauna a kan majanyin sirdi, ita ce turken da zai zagaya. Ta dama ja ta baya kaɗan, ta tsare gindi. Taɓa bakinsa ta linzami, da yatsa ɗaya. In ya ba ka, kai ma ka ba shi.”

Na yi yadda ya ce. Muka shiga zagaya tsamiyar a hankali, da'ira babba, sannan ƙarama. Bidi ya tauna linzami, ya yi ajiyar numfashi. Na ji haƙarƙarinsa na sakin jiki a ƙarƙashin gwiwata ɗaya bayan ɗaya.

“Kada ka yi gaggawa. Ba a roƙon doki da fushi.”

Sai hannun Baba ya ɓullo daidai likafata ta hagu, da ɗan dunƙulen kanwa a tafinsa, yadda yake yi kowace safiya don doki ya miƙo wuya da kansa. Bidi ya biyo kanwar, wuyana ya biyo wuyansa. Na ga hannun da tabon lauje a babban yatsa. Na ga hannun rigar saƙi. Na ga kafaɗa, na ga ƙasan gemu fari.

Injin markaɗen maƙwabta ya tashi.

Na farka a kan tabarma, wuyana a karkace hagu, ina fuskantar bango. Uwargida ta leƙo ta ce an kira la'asar, in gyara kwanciya kada wuya ya riƙe. Na ce mata to, amma ban juyo ba, na ƙara minti kaɗan a haka.