Bawul Goma Sha Shida

Dervla Quigg ta dawo daga ɗauko tayoyi ranar Alhamis da hantsi, ta tura ƙofar gareji da kafaɗa, sai ta tarar da mahaifinta Malachy zaune a kujerarta yana fito. Fiton nan shi ya fara tsorata ta. Malachy ba ya fito sai ya gama aikin da ya burge kansa, ga shi kuma shekara biyu ke nan da rawar hannu ta raba shi da taɓa inji.

A gabansa, kan wani farin ƙyalle, bawul goma sha shida ne a jere, 'yan ƙofofin da ke shigar da iska su fitar da hayaƙi, na injin babur ɗin ƙanenta Fintan, wanda zai shiga tseren Glenvarra ranar Asabar. Mako uku ta yi tana jiran isowarsu. Na taitaniyam ne, wani ma'adini da ba shi da nauyi, ka ɗauki ɗaya ka ce karan sigari ka riƙe. Gefensu ga gwangwanin man guga a buɗe, da 'yar sandar murzawa mai roba a baki wadda ta girme ta.

"Na rage miki aiki," in ji tsohon, yana goge yatsu. "Dubi bakinsu. Ko iska ba za ta sami wurin wucewa ba."

Ta ajiye tayoyin a hankali, ta ɗauki bawul ɗaya ta kai wajen taga. Wani zobe mai ruwan toka ya kewaye bakinsa, sumul, ba ko gargada. Ta ɗauki na biyu, haka. Na takwas, haka. Malachy mutum ne da ba ya rabin aiki, ko da aikin ɓarna ne.

Shi bai yi komai ba face abin da ya shekara arba'in yana yi. A zamaninsa bawul na baƙin ƙarfe ne, kuma kowane bakanike na kirki yakan shafa masa man guga, ya zaunar da shi a mazauninsa, ya yi ta murza sanda tsakanin tafukansa kamar mai kaɗa miya da maburgi, har baki ya haɗu da baki. Amma taitaniyam ba a yi masa haka. Shi jikinsa da laushi, wani siririn shafe mai tauri da aka yi masa a masana'anta shi ke tsare shi, kuma shafen nan ne tsohon ya zauna tun safe ya kankare tas, cikin ƙauna da natsuwa.

"Sun yi kyau, Baba," ta ce.

"Kyau kawai? Je ki tambayi duk wanda ya hau injina." Ya miƙe da ƙyar, ya ɗauki hularsa. "Zan je in ɗora shayi. In shashashan ƙanen naki ya zo ki nuna masa."

Yana fita ta zauna a kan taya. Tsoro ya kama ta. Injin nan juyi dubu goma sha shida yake yi a minti, wato kowane bawul yakan buɗe ya rufe fiye da sau ɗari a sakan guda. Ba tare da shafen ba, bakin zai riƙa cinyewa, bawul ya riƙa nutsewa, ya daina zama daidai, ya ɗau zafi. Daga nan sai kan ya ɓalle ya faɗa wa fistin da ke hawa da sauka a ƙarƙashinsa, inji ya cije, tayar baya ta tsaya cak. A filin tsere mai yashi a gefe, mutum ya yi ta mirginawa ya tashi yana zage-zage. A Glenvarra kuwa hanyar da motar madara ke bi ce ake rufewa, katangar dutse dama da hagu, da turakun waya, da ƙofar coci. Ba inda za a mirgina.

Fintan ya iso da azahar, rigar aikin kamfanin madara a jikinsa, yana cin burodin dankali a takarda. Ta miƙa masa bawul ɗaya ba ta ce uffan ba. Ya juya shi, ya daina tauna.

"Baba ne?"

"Wa kake tsammani, kyanwa?"

"Duka?"

"Ka taɓa ganin ya bar aiki a rabi?"

Ya zauna a bakin benci. Shekararsa talatin da takwas, ya yi wa matarsa alkawarin wannan ne tserensa na ƙarshe, kuma sau tara yana shiga Glenvarra bai taɓa wuce na uku ba. Bana ne kowa ya yarda babur ɗinsa ya fi na kowa lafiya.

"To yanzu fa?" ya ce.

"Ina da na ƙarfe na bara, da sifirin ɗin da ke maido da su. Ƙalau suke, na auna su. Sai dai nauyi. Dole in rage maka juyi zuwa dubu goma sha huɗu."

Ya yi wata dariya marar daɗi. "Ki ba ni keken Father Cormac na coci mana in hau, ya fi sauƙi. Dubu biyu, Dervla. A miƙaƙƙiyar hanyar gonar Doherty za su wuce ni suna ɗaga min hannu."

"Za su wuce ka kana numfashi."

"Zagaye shida ne kawai. Shida. Shafen banza ne zai hana ƙarfe yin minti ashirin?"

"Wataƙila ya yi. Wataƙila ya yi ashirin da biyar ma. Wataƙila kuma ya yi tara. Ni ban sani ba, kai ba ka sani ba, wanda ya ƙera shi ma ba zai sa hannu ba."

"Kin cika tsoro tun muna yara."

"Shi ya sa ƙashina duk nawa ne, ba kusa ko ɗaya a ciki."

Ya tashi ya leƙa ƙofa, ya tabbatar tsohon bai taho ba, sannan ya rage murya. "Kin ga yadda yake tafiya yau? Rabon da in ga ya miƙe wuya haka tun kafin rasuwar Mama. Ki mayar da su yadda ya gyara. In na ci, da hannunsa a ciki. In kika cire su, me za ki ce masa? Ki bar shi, kada ransa ya ɓaci."

Nan ne ranta ya ɓaci nata. Ta san rabin maganar son cin tsere ne aka yi wa ado, amma ta san ɗaya rabin gaskiya ne, kuma gaskiyar ta fi ba ta haushi. Mutanen gidan nan sun gwammace su mutu da su faɗa wa juna magana marar daɗi a kan tebur.

"Ni ke ɗaure injin nan," ta ce. "In kana son waɗannan, ga sifana, ka ɗaura da kanka, kuma ka nemi wanda zai tura ka ranar Asabar. Ba ni ba."

Ya dube ta, ta dube shi. Ya nannaɗe sauran burodin ya jefa a kwandon shara, ya fita bai rufe ƙofa ba.

Ta yini tana haɗa kan injin da bawul na ƙarfe. Na taitaniyam ɗin ta naɗe su a ƙyallensu ta tura ƙarƙashin kujerar motarta. Da tsohon ya shigo da shayin yamma, ta riga ta rufe murfi, ya shafa shi da tafin hannu ya ce aiki ya yi.

Sauran tsoron kuma bai tafi ba, ya dai canza wurin zama. Na'urar da ta saita za ta hana Fintan wuce dubu goma sha huɗu in yana jan totur, amma ba ruwanta da lokacin da yake rage giya. In ya sauko giya da wuri a bakin kwana, kamar yadda ya saba da bawul marasa nauyi, tayar baya za ta tilasta wa injin juyin da sifirin ba zai iya maido da ƙarfe mai nauyi ba, fistin ya same shi a hanya. Ta faɗa masa ranar Juma'a kafin gwaji, ta sake faɗa bayan gwaji. Ya ce ya ji, ba kurma ba ne. Ya zo na bakwai a jerin tashi, bai ci abincin yamma da su ba.

Ranar Asabar an tashi da yayyafi, ya ɗauke kafin ƙarfe sha ɗaya. Dervla ta tura shi layi, ta ɗaure masa igiyar hular kwano, ta ƙwanƙwasa saman hular sau biyu. Daga nan ta bi ta gonar Doherty da sauri zuwa kwanar coci, inda ake saukowa daga giya ta shida zuwa ta biyu. Nan ne abin zai faru in zai faru. Ta tarar da mahaifinta ya riga ta, ya jingina da ƙofar gona, wurin da yake tsayawa kowace shekara.

Zagaye na farko suka zo a dunƙule, ƙara ta cika kwarin, ba ta iya ware nasa ba. A na biyu ya zo shi kaɗai, shi ne na biyar, koren babur ɗin yana rawa a kan birki. Ta ƙirga giyoyin da yake saukowa da leɓɓanta. Biyar. Huɗu. Ya ɗan jira. Uku. Ya jira. Biyu. Ya kwanta ya shige.

A na uku ya sauko giya ta uku da ɗan wuri, injin ya yi wani kuka mai tsini. Bai fashe ba. Ya fita kwana, ya ja totur ya hau gangaren, ƙarar na tashi har ta kai inda aka yanke mata, ya sa giya ta gaba.

Malachy ya karkata kai, ya bi ƙarar da kunne har ta ɓace bayan tudu.

"Ƙarfe ne a cikin injin nan," ya ce, bai dube ta ba.

Ta ci gaba da kallon hanya.

"Yana canza giya tun bai kai ba. Kin rage masa. Ina waɗanda na goge?"

"Suna mota, Baba."

"Me ya same su?"

Ta faɗa masa, a taƙaice, ba ta ƙara ba ta rage ba. Babura suka zo suka wuce a zagaye na huɗu tana cikin magana, Fintan na biyar har yanzu. Tsohon bai katse ta ba. Bakanike ne, tun kafin ta kai ƙarshe ya riga ta isa can.

"Da zagaye nawa za su yi?"

"Ban sani ba. Wataƙila duka shidan. Wataƙila biyu."

"Shi ya sani?"

"Ya sani."

"Me ya ce?"

Ta so ta yi ƙarya, bakinta ya ƙi. "Ya ce a mayar masa da su haka. Wai kada ranka ya ɓaci."

"Kada raina ya ɓaci," tsohon ya maimaita a hankali.

Ya saki ƙofar gonar, ya juya wa hanya baya, ya tsaya yana fuskantar shanun Doherty. Zagaye na biyar ya wuce bai waiwayo ba. Can daga bayan tudu ƙarar na ƙarshe ta taso, tana matsowa, mutanen da ke kan katanga suka miƙe tsaye. Dervla ta ƙirga. Biyar, huɗu, uku, biyu. Koren babur ya kwanta, ya miƙe, ya hau gangare.

"Ya wuce lafiya?" in ji Malachy, muryarsa ƙasa ƙasa.

"Ya wuce, Baba."

"Ki sake dubawa."