Sarautar da Yaya ya ba Mujahida

Yayana Abdulbaƙi ya sauka daga mulki shekara da shekaru, amma har yau ko gishiri ba a zubawa a mat'am ɗinmu, gidan abincin da ke unguwar Kudai kusa da Harami, sai ya gyaɗa kai.

Faɗa suka yi da surukinsa Nasir a kan wa ke da ta cewa a wurin. Don ya ƙona masa rai, sai ya tara mu ya ce halas, shi ke nan, ya gaji, ya bar wa 'yarsa Mujahida wurin kafin ƙanenta Hisham ya yi hankali. Daga nan ya ja kujera gefen firij ya zauna. Ni Ɗaso ƙanwarsa, da nake suyar masa a wurin tun zuwanmu daga Sudan, na san irin wannan saukar.

Mujahida ke fita sayen nama tun asuba, ita ke tuƙa tuwo, ita ke shan masifar alhazai in miya ta yi sanyi. Hisham kuwa ga gemu har ƙirji, hankalin ne dai bai iso ba. Duk wanda ya zo neman aurenta, Yaya zai ba shi shayi ya ce ai mai mat'am ba ta tashi haka kawai, a ɗan jira. Sun jira sun gaji sun watse. Saura Muttaka direban bas, shi ma ya aiko cewa ranar Juma'a zai zo jin magana ta ƙarshe.

Ranar Laraba muna yankan albasa ta miƙo mini waya.

“Goggo, saurari wannan, wallahi kamar a gidanmu aka yi.”

Wani shiri ne na Larabci a kan wata sarauniyar Japan ta zamanin da. Ubanta sarki ya yi fushi da masu riƙe da sojoji, dangin uwarta, sai ya sauka ba shiri ya ɗora ta a gado tana 'yar ƙanƙanuwa. Ita ce da suna, shi ke juya fada daga bayan labule, har ƙanenta ya tasa ta miƙa masa. Na yi dariya har wuƙa ta kusa yanka ni. Na ce ta je ta ba ubanta labarin nan, ko kunya za ta kama shi.

Kaico, ban san Yaya ba ashe! Ta durƙusa ta ba shi tiryan-tiryan, mutumin nan yana ji yana washe baki.

“Masha Allah! Kin ji 'yar albarka ko? Shekara nawa ta riƙe?”

“Goma sha huɗu, Baba.”

“To ke ai da sauranki.”

Bai ma bari ta ƙarasa ba, ya ɗauki labarin ya shiga gari da shi. Mai kawo gas ya ji, alhazan Nijar masu jiran tuwo sun ji. Har ƙari yake yi, wai uban malami ne mai hangen nesa. Haushi ya hana ni cin abinci ranar.

Juma'a bayan la'asar Muttaka ya zo da farar jallabiya, yana ƙamshin turare. Yaya ya sa aka kawo shayi, ya gyara zama, ya ɓare masa sarauniyar Japan daga farko: yadda ta yi biyayya, yadda ba ta taɓa ɗaga wa ubanta murya ba, yadda ta riƙe wa ƙanenta amana. Muna bakin ƙofar kicin ni da Mujahida, hannunta duk garin kuka.

Muttaka ya ajiye kofi a hankali.

“Baba, da ta miƙa wa ƙanen nata, wa ta aura?”

Yaya ya waiwayo wajenmu.

“Ke Mujahida, wa ta aura?”

“Ba ta yi aure ba, Baba. Ta haura saba'in, ta mutu ba miji ba ɗa.”

Wallahi tausayin sarauniyar nan ya kama ni har idona ya kawo ruwa. Na zuba wa Yaya ido, na ce yau dai maganar ta shige shi. Ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana jan carbi. Muttaka na jira, mu ma muna jira.

“Kai, mutanen Japan ba su da imani,” in ji shi. Sai ya ɗaga hanci ya shaƙi iska. “Mujahida, duba miyar can, kamar tana kamawa.”

Muttaka ya miƙe ya ce yana da alhazan da zai kai Harami. Ita kuma ta juya ta koma wajen tukunya.