Damarar Fada Célestin

Fada Célestin, limamin cocin garin, ya sha faɗa cewa ranar da mutanen Vaurelles suka zaɓe shi magajin gari, ko dai su ne a buge, ko shi da ya yarda. Coci na nan, ofishin gari na tsallaken titi, shi kuma yana ta jan tumbinsa a tsakani.

Sai ga Odile mai gidan burodi. Kotu ta raba ta da mijinta na fari, yanzu Gaspard maƙeri take so, ga ciki har ya fara tura riga.

"Fada, Asabar za ka ɗaura mana aure."

"'Yata, coci ba ta san saki ba. Da bakina na yi wa'azin nan."

"Ba wurin Fada na zo ba. Magajin gari nake nema, wanda na jefa wa ƙuri'a."

"Kash! Da ɗan kwaminis ɗin da ya yi takara da ni kika jefa wa, da yanzu barcin rana nake."

A doka, magajin gari ko mataimakinsa ke ɗaura aure. Mataimakin kuwa Firmin ne, tsohon mijin Odile. Fada ya same shi a gonar inabi, ya fara kewaye-kewaye.

"Ni zan ɗaura mata?" in ji Firmin. "Ko in haɗa da gyara musu shimfiɗa, Fada?"

Bishop, shugabansa a coci, kuma ya riga ya ja wa Fada kunne: ya ƙara karkata ga siyasa, sai ya tura shi wani ƙauyen kan dutse inda awaki suka fi masu ibada yawa.

Asabar ta zo. Ya ɗaura damarar mulki mai launi uku bisa baƙar rigarsa, da ƙyar ta zagaye. Ya karanta doka, ya tambaye su, suka amsa. Hannunsa na dama ya tashi da kansa zai sa albarka, kamar yadda ya saba. Ya ankara a tsakiyar hanya, ya mai da shi susar kunne.

A wurin biki Odile ta iske shi ya duƙufa kan dodon koɗi da tafarnuwa.

"Wa ke ci haka, Fada ko magajin gari?"

"Magajin gari, 'yata. Fada na azumi, yana ɗaure kayansa."

Kafin a tsinke inabi Bishop ya mai da shi kan dutse. Yakan dubi awakin ya ce, "Ku dai Allah ya yi muku albarka. Ba ku aure, ba ku zaɓe."